A Yi Masa Dairek

Duk wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson Kano da azahar ɗin watan Afrilu ya san abin da ake nufi idan aka ce esi ya ɗauke. Zafin waje ya haura 40, kujera kamar an sauke ta daga murhu, gumi na bin gadon baya, ga hayaƙin Adaidaita Sahu ya hana a sauke gilashi. Mu danna maɓalli, mu kashe, mu sake dannawa. Fitilarsa ta kawo, fanka na hurawa, amma iskar da ke fitowa ba ta da maraba da ta bakin tanda. A irin wannan lokaci babu mai dogon tunani a cikinmu. Sanyi muke so, kuma yanzu muke son sa.

Sai mu karkata zuwa wurin mai gyaran esi. Ya buɗe bonet, ya bi wani siririn bututun alminiyam da yatsa har ya kai ga wani ɗan abu da bai wuce babban yatsa ba. Ya zare soket ɗinsa, ya lanƙwasa guntuwar waya ya cusa a ramuka biyu. Sai mu ji ƙas, kwamfireso ya kama. Kafin minti biyu iska ta fara sauyawa.

"Alhaji, ka ji sanyi ko? Wannan suwic ɗin ne ke ba ka matsala. In kana so a yi masa dairek ka wuce abinka."

Mafi yawanmu mun san amsar da muke bayarwa. Mu biya, mu yi godiya, har mu gaya wa abokai cewa mun samu yaro mai hannu. Abin da ba mu cika tsayawa mu tambaya ba shi ne: wannan da aka yi, gyara ne? In kuwa ba gyara ba ne, mene ne sunansa, kuma laifin yana wuyan wa?

Kafin mu yanke hukunci ya kamata mu san aikin abin da aka rufe wa baki. Esin mota ba ya ƙirƙirar sanyi, zafi yake kwashewa daga cikin mota ya zubar a waje. Abin da ke ɗaukar zafin shi ne gas ɗin da ke zagayawa cikin rufaffun bututu. A yawancin motocin da ke kan titunanmu sunansa R-134a, kuma in an sake shi a sarari yana tafasa tun sanyi na wajen 26 ƙasa da sifili. Kwamfireso, wanda bel ɗin inji ke juyawa, shi ke matse gas ɗin har ya yi zafi sosai, ya tura shi cikin kwandensa da ke gaban lagireto. A can iska da fanka su huce shi ya koma ruwa. Ruwan ya bi ta wata matsattsiyar ƙofa, matsinsa ya faɗi, ya shiga wani ƙaramin akwati mai kama da lagireto da ke ɓoye bayan dashbod. A nan yake tafasa, yana tsotse zafin iskar da ake hura mana. Daga nan ya koma wurin kwamfireso, a sake zagaye.

Duk wannan aiki a kan matsi ya dogara, kuma matsin yana da iyaka biyu. Mai faci yakan sa wa tayar ƙaramar mota iska wajen 32 a ma'auninsa. A wannan ma'auni, ɓangaren esi mai ƙarfi yakan yi aiki tsakanin 150 da 250, ya ɗan haura in rana ta ƙwalle. Ɗan abin nan da masu gyara ke kira firesha suwic yana zaune a kan bututu yana jin matsin. A motoci da yawa, idan matsi ya faɗi ƙasa da wajen 28, ko ya haura wajen 450, wato ninkin na taya sau 14, sai ya yanke wutar da ke riƙe kulocin kwamfireso. Wani irinsa ma yana da aiki na uku, shi ne ya tayar da fanka idan matsi ya fara hawa.

Dalilin iyakar ƙasa shi ne mai. Man da ke shafe cikin kwamfireso tare da gas yake yawo. In gas ya tsiyaye, mai ba ya dawowa yadda ya kamata, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. Kwamfireson da ya mutu ta wannan hanya ba ya tafiya shi kaɗai: yakan watsa garin ƙarfe cikin bututu, sai an wanke layi duka, sau da yawa kuma sai an canza kwandensa da matata. In ya cije gaba ɗaya yana iya ƙone bel, a motoci da yawa kuwa bel ɗin nan ɗaya shi ke juya abin cajin batir da famfon ruwan inji. Dalilin iyakar sama kuma a fili yake. Fanka ta mutu, ko ƙurar hunturu ta toshe kwandensa, ko an ɗura gas fiye da kima, sai matsi ya yi ta hawa a cikin cunkoso har wani abu ya saki: ko bawul ɗin gaggawa, ko tiyo.

Ke nan a mafi yawan lokuta, sa'ad da esi ya ɗauke saboda wannan suwic, shi ne kaɗai abin da ke aikinsa daidai. Cutar tana wani wuri, ko yoyo, ko matacciyar fanka, ko toshiya. Shi dai labari ya kawo, ta hanya ɗaya tak da yake da ita, wato ƙin yarda. Mu kuma da yake shi ne ya tsaya tsakaninmu da abin da muke so, sai muka ɗauke shi a matsayin cutar.

Wannan kuskure ya girmi motoci. Tun a 1679 wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ya ƙera tukunyar da ke dafa abu da matsin tururi, ya kuma ga cewa dole a yi mata ƙofar da za ta buɗe da kanta in matsi ya yi yawa. Da zamanin jirgin ƙasa ya zo, sai aka ga ashe mutane ba sa son wannan ƙofa. A Amurka, ranar 17 ga Yuni 1831, mai hura wutar wani kan jirgi da ake kira Best Friend of Charleston ya gaji da ƙarar tururin da ke fita daga bawul, sai ya danne shi. Ƙarar ta tsaya. Tukunyar ta fashe, shi kuma raunin da ya samu ya yi ajalinsa. A Ingila ma direbobi sun riƙa ɗaure bawul don su samu ƙarin ƙarfi, har sai da injiniya John Ramsbottom ya ƙera wani a tsakiyar shekarun 1850 wanda direba ba zai iya danne shi ya ƙara matsi ba. Wato tun farkon zamanin inji, masu ƙira sun gane cewa suna da aiki biyu: su kare mutum daga inji, su kuma kare mai gargaɗi daga mutum.

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga kanmu a cikin labarin. Fiyus ya ƙone sau biyu, sai mu naɗa masa waya mai kauri wadda ba za ta ƙone ba, mu bar wa wayarin gida aikin ƙonewar. Fitilar inji ta dame mu a dashbod, sai a cire ƙwanta ko a liƙa mata baƙin salatif. Mota na kukan bel ɗin kujera, sai mu zagaya da shi ta bayan kujera mu maƙala. Baya na ciwo saboda nauyin da muke ɗauka, sai mu haɗiyi ƙwaya mu koma bakin aiki. Duk abu ɗaya muke yi. Mun kawar da sanarwar, mun bar abin da ake sanarwa a kai yana nan, sai dai yanzu ba mai gaya mana inda ya kai.

Akwai kuma mutanen da aikinsu ke nan a cikinmu. Akantan da ya ce ba zai sa hannu ba sai ya ga rasit. Injiniyan da ya ce rodin nan ba zai ɗauki bene na uku ba. Ma'aikaciyar jinyar da ta ce a sake duba adadin maganin. Direban da ya ce barci yake ji, a kwana a hanya. Uwargidan da ta ce kuɗin da ake shirin kashewa a biki na makarantar yara ne. Sunayen da muke ba su sanannu ne: mai taurin kai, mai baƙin ciki, mai hana ruwa gudu. Ba kasafai muke korarsu ba. Dairek muke yi musu. A kai takardar wurin mataimakinsa, a kira wani magini, a daina shawara da ita. Suna nan a mazauninsu kamar yadda suwic yake nan ɗaure a kan bututu, amma wutar ta daina bi ta kansu.

Abin da hakan kan haifar ya fito fili a daren 27 ga Janairu 1986. Injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokokin kumbon Challenger, cikinsu har da Roger Boisjoly, sun ce kada a harba shi washegari, domin sanyin da ake hasashe a Fulorida zai sa zoben robar da ke toshe mahaɗar rokokin ya ƙi liƙewa. Manya suka yi shawara, suka tsallake su, suka amince. Daƙiƙa 73 bayan tashi kumbon ya tarwatse da mutum bakwai. Zoben roba, babban ɗan'uwan wanda ke bushewa a mahaɗar bututun esinmu ya sa gas ya tsiyaye. Daga baya masaniyar zamantakewa Diane Vaughan ta yi nazarin lamarin a littafin da ta fitar a 1996. Ta nuna cewa an sha ganin alamar lalacewar zoben a tafiye-tafiyen baya, kumbo kuma yana dawowa lafiya, har aka saba da abin, aka daina ganinsa a matsayin haɗari. Wannan shi ne mugun halin dairek: yana aiki. Ranar farko sanyi, mako na biyu sanyi. Kowace rana da ta wuce lafiya tana zama hujjar cewa dama can suwic ɗin fitina ce kawai.

To amma in muka tsaya a nan mun sauƙaƙa wa kanmu. Akwai abubuwa biyu da za a iya faɗa mana, kuma duka suna da nauyi.

Na farko, suwic ma yana lalacewa. Yakan mutu, soket ɗinsa yakan yi tsatsa, wayarsa takan tsinke. Akan samu motar da gas ɗinta ya cika, fankarta lafiya, amma suwic ya kafe ya ce a'a. Haka mutane. Cewa a'a ba ta mayar da mutum mai gaskiya. Akwai mai ƙin sa hannu don yana jiran a ba shi wani abu, akwai mai ƙi don tsoro, akwai wanda ƙin ya zame masa ɗabi'a. Al'ummar da ke tsayawa cak duk lokacin da wani ya ɗaga hannu ba za ta gina ko da rumfa ba.

Amsar wannan tana rataye a jikin bangon garejin. Ita ce gejin nan mai agogo biyu, shuɗi da ja, wanda ake ɗaurawa a ɓangaren ƙasa da na sama. Mai gyaran kirki ba ya gaskata suwic, ba ya kuma ƙaryata shi, sai ya ɗaura geji. In agogo ya nuna gas ya yi ƙasa, suwic ya yi gaskiya, sai a nemi yoyo da ruwan kumfa ko da rinin da ke haske a ƙarƙashin fitila ta musamman. A toshe, a zuƙe iska da laima da injin zuƙa, a auna gas da sikeli daidai giram ɗin da aka rubuta a takardar da ke liƙe a ƙarƙashin bonet. In kuwa agogo ya nuna komai daidai, suwic ne ya yi ƙarya, sai a canza shi da wani. A lura, canza shi ake yi, ba a barin gurbin haka. Mai gyara yana iya sa guntuwar wayar nan ta 'yan daƙiƙoƙi don ya tabbatar kuloci na kamawa, sannan ya zare. Waya ɗaya ce a hannu ɗaya, amma wadda aka sa don a gano gaskiya daban take da wadda aka bari don kada a gano ta. Haƙƙin mai gargaɗi a kanmu shi ne mu bincika abin da ya faɗa da wani ma'auni da ba son ranmu ba. Biyayya sai bayan bincike, haka ma sallama.

Shi ma mai gargaɗin yana da abin koyo a wurin ɗan ƙarfen nan. Tsakanin 28 da 450 fili ne mai faɗi, kuma a cikinsa duka suwic shiru yake yi, ya bar aiki ya tafi. Iyakarsa sananniya ce tun kafin a tayar da inji, ba ta sauyawa don mai motar babban mutum ne. Da zarar matsi ya dawo daidai kuma sai ya mayar da wuta, ba ya riƙo. Wanda ke son a ji a'arsa ranar da ta zama dole, sai ya zama mai yawan cewa to a sauran ranaku.

Abu na biyu ya fi wuya, domin maganar aljihu ce. Gyaran gaskiya yana cin kuɗi da lokaci. Wani yoyon yana can bayan dashbod, sai an kwance gaban mota duka. Ga ɗan tasin da fasinjojinsa ba sa shiga in babu sanyi, ga mai kai tsohuwarsa asibiti duk mako cikin zafin bazara. Shi ma mai gyaran yana da iyali, kuma ya san in ya ce sai an kwana biyu ana neman yoyo, mutumin zai tafi rumfar gaba a yi masa dairek cikin minti biyar, a kuma ce wancan ya fi shi iya aiki. Mu da kanmu muka koya wa kasuwa cewa sanyin yau muke saye, ba lafiyar mota ba. Bai dace mu ɗora wa mai gyara dukan laifin abin da muke biyan sa ya yi ba.

Duk da haka akwai iyakar da talauci ba ya gogewa, ita ce sani. Mai gyara ya san abin da waya za ta jawo, mai mota bai sani ba, kuma a kan wannan tazara sana'ar take tsaye. Idan ya ce, "Alhaji, gas ɗinka na zuba. Zan iya haɗa maka ka samu sanyi, amma kwamfiresonka na iya tafiya, kuɗinsa kuma ya ninka na wannan gyaran sau da yawa," to ya mayar wa mai abu da zaɓinsa. Idan kuwa ya ce suwic ne matsala alhali bai ɗaura geji ba, ya sayar da jahilcin abokin cinikinsa ne, ya kira shi gyara. Na farko shawara ce marar kyau da mutum biyu suka yanke ido buɗe. Na biyu ha'inci ne, ko da sanyin ya kai na firji.

Ko yardar mai mota ma ba ta rufe maganar, domin ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Wayar da aka ce ta kwana biyu ce takan shekara. Akwai yaron gareji da zai sunkuya a kan injin wata rana yana zaton akwai abin da zai yanke wuta in matsi ya hau, ga shi gas ɗin nan in ya fesu a fata ko ido ƙuna yake yi irin ta tsananin sanyi. Akwai wanda zai sayi motar a hannunmu, ya shiga ya ji sanyi, ya biya kuɗin lafiyayyen esi. Akwai kuma wanda ba zai taɓa ganin motar ba. Gas ɗin esi ba fetur ba ne, ba ya ƙarewa don an yi amfani da shi. In ya ragu, fita ya yi. Kowane kilo na R-134a da ya tsere yana riƙe zafi a sararin sama kamar kilo 1,430 na iskar kabon a tsawon shekara 100, shi ya sa ƙasashe suka amince a Kigali a 2016 su rage amfani da irinsa. Wanda ke ƙarin gas duk wata uku bai toshe yoyo ba yana sanyaya kujerarsa ne yana ƙara wa kowa zafi, har da manomin da bai taɓa shiga mota mai esi ba.

Masu ƙera motoci sun bi sawun Ramsbottom. A sababbin motoci an maye gurbin suwic da sensa mai waya uku, wadda ke aika wa kwamfutar mota adadin matsin, kuma guntuwar waya ba ta ruɗinta cikin sauƙi. Wannan zai ceci kwamfireso da yawa. Sai dai babu injiniyan da zai ƙera mana akantan da ba a iya tsallakewa, ko uwargidan da dole a saurara. A nan ba mu da wani abin kariya sai halinmu, kuma hali a ƙananan wurare ake yin sa. Mutumin da ya saba cewa "a yi masa dairek" a gareji ba zai rasa kalmar ba ranar da ya zauna a kujerar shugaban kwamiti.

Bazara za ta sake zuwa, esi zai sake ɗaukewa, kuma za mu sake tsayawa a gaban buɗaɗɗen bonet gumi na zuba. Mai gyara zai riƙe guntuwar wayarsa yana jiran abin da za mu ce. Ba a buƙatar mu zama injiniyoyi. Ya isa mu ce, "Malam, ɗan ɗaura geji mu gani tukuna." Wataƙila amsar ta sa mu koma gida da gilashi a sauke har ƙarshen wata, muna shan ƙura da hayaƙi, muna jiran albashi. Zafin zai dame mu, amma aƙalla mun san abin da ke damun motar.